Yatsu Huɗu Daga Bakin Wuya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba irin wadda ake yi wa yara su yi barci ba ce. Ta gidanmu ce, a Malumfashi. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Bakina ke faɗi, jikata ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Maigidana wanki da guga ne sana'arsa. Da damina yana noma 'yar gonar auduga da dawa a bayan gari, kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi dutsen guga ne. Dutse ne na baƙin ƙarfe mai murfi, ana zuba masa garwashi a ciki. Ni da hannu biyu nake ɗaga shi. Shi da ɗaya, kamar ya ɗauki moɗa. Mutum ne mai manyan hannuwa, yatsunsa masu kauri kamar rogo, fartanya da bugun wanki sun yi musu kanta. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti shi suke kawo wa kaya, domin karin gugarsa ba ya karkacewa.

Bayan an daina fam da sule an koma naira da wasu shekaru, sai wani sabon abu ya shigo. 'Yan kasuwa suka fara zuwa da rigunan kanti masu gajeren hannu, farare da shuɗɗa, babu komai a jikinsu, da wasu takardu masu santsi, kowace da hoto. Sai a kifa takardar a ƙirjin riga, a ɗora dutse mai zafi a danne. In an ɓare, hoton ya zauna a riga, takarda ta fito fara. Ranar da ya fara gwadawa a tsakar gida, na janye 'ya'yana baya, na ce wannan ba aikin mutane ba ne. Ya yi dariya har sai da ya ajiye dutsen.

Masu guga da yawa sun shiga wannan aiki, a nan da Funtua. Amma abin yana da sharri guda: in hoto ya zauna, ya zauna ke nan. Sabulu ba ya fid da shi, ruwan toka ba ya fid da shi. Sai ka ga 'yan ƙwallo sun jeru, wannan hoton zakin rigarsa a maƙogwaro, wancan nasa ya gangara cibiya, na ukun ya nufi hammata.

Maigidana bai yarda da haka ba. Ya fitar da tasa hanyar, bai kuma taɓa sauka daga kanta ba. Zai ninka riga biyu a tsaye, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, ya bi ta da dutse har kari ya fito daga wuya zuwa ƙasa. Takardar ma ya ɗan lanƙwasa bakinta sama da ƙasa, ya sami tsakiyarta. Ya shimfiɗa riga a kan katako mai bargo, ya haɗa tsakiya da tsakiya. Sannan ya kwantar da yatsunsa huɗu a ƙasan bakin wuya. Inda yatsan ƙarshe ya tsaya, nan takarda za ta fara. Ya rufe da farin ƙyalle, ya ɗora dutse, ya sa nauyinsa duka. Ba shi da agogo. Salati goma yake yi, a hankali, in ya cika sai ya ɗaga. Wari ya tashi kamar na roba a wuta, ya jira ta ɗan huce, ya ɓare.

In ya gama aikin mutane, ba ya miƙa musu a ƙunshe. Yana da igiya doguwa a ƙofar gida, daga dalbejiya zuwa ginshiƙin rumfar maƙwabci. Sai ya zura ta ta hannun riga ta fita ta ɗaya hannun, riga bayan riga, ya ja ta ta miƙe sak. Hotunan su jeru a layi ɗaya kamar kunyar da gwanin manomi ya ja. Shi kuma ya koma gefe ya tsaya, hannuwa a baya, masu wucewa suna tsayawa kallo. Wannan igiya ita ce tallarsa. Ita ce kuma, Allah Ya gafarta masa, ɗan alfaharin da yake da shi a duniya.

Haka muka yi shekaru. Sai idonsa ya fara tafiya.

A wurin cin abinci na fara lura. Zai miƙa hannu ya ɗauki kwanon sha, hannun ya sauka a gefensa. Zai ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa tun bai kai gare shi ba. In aka yi sallama a zaure, sai ya bari mutum ya ƙara magana kafin ya ambaci sunansa. Ya daina aiki da yamma, ya koma yi da hantsi, a bakin ƙofa, fuskarsa dab da riga kamar mai shinshina. Bai gaya mini ba, ban tambaye shi ba. A zamaninmu mace ba ta duban mijinta ta ce masa ka gaza. Ban da haka, na san abin da yake tsoro, don ni ma shi nake tsoro. Babu mai ba wanda ba ya gani farar rigarsa da wuta. Ranar da gari ya sani, ranar sana'a ta mutu, shi kuma ba shi da wani suna a garin nan in ba na dutsen nan ba. Sai muka zauna, shi yana ɓoye mini, ni ina ɓoye masa cewa na sani.

Ina da wata aminiya, unguwarzoma ce a asibiti, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu na ƙarshe. Kirista ce, mutuniyar wajen Kafur. Iyayenta Maguzawa ne, ita ce mishan suka ɗauka suka koya mata aiki. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ce shugabar matan da ke waƙa a majami'arsu. Wata rana da kaka, ana cikin cirar auduga, ta shigo da ƙunshi a ka. Ta wuce zaure ta gaisa da maigida, ta ce ya biyo ta ciki, don ita ba ta iya ciniki a tsaye.

Ta kwance ƙunshin a kan tabarma. Shuɗɗan riguna ashirin da huɗu, da takardu ashirin da huɗu, kowace da farar kurciya ta buɗe fukafukai. Za su yi taron godiyar kaka, matan garuruwa za su haɗu, kowace ƙungiya da shigarta.

“Malam, daga Kaduna aka kawo mini su,” in ji ta. “Ƙidayarsu daidai da mu. Babu ta gwaji, babu ta ɓari.”

“Ni kika taɓa jin na ɓarar?”

“Shi ya sa na tsallake masu guga uku na zo nan. Matan Funtua bara kurciyoyinsu kamar an harbe su da gwafa, kowace ta nufi gabanta.”

“Naki za su jeru kamar sahu.”

“Amma fa na ji labari. An ce kowace sai ka yi mata salati goma.”

“In ba ki so, in yi shiru ta ƙone.”

“A'a, yi mata. Ta shiga majami'a da guzurinta, ba ta yi asara ba.”

Suka yi dariya, ni ma na yi. Ina kallonsa yana shafa takardun da tafin hannu, idonsa yana kan bango.

Kwana biyu yana aiki a bakin zaure, ya gama goma. A hankali yake yi, amma sun yi kyau, domin yatsunsa sun san hanya, takardun kuma an jero su duk suna fuskantar gefe guda, ɗauka kawai yake yi ya kifa. Ya ninke goman ya sa a adaka a zaure, ban ko gan su a buɗe ba. A rana ta uku wata kaza da aka koro ta faɗa zauren, ta bi ta kan takardun ta watsar. Na ji shi yana tattarawa. Can sai ga shi ya shigo tsakar gida da katako da dutse, ya ce iskar ƙofa tana cinye masa gawayi, a ciki zai ƙarasa.

Na kawo masa ruwan sha. Ya riga ya yi kari, ya auna, ya kifa takarda. In an kifa ta, hoton yana ƙasa, inuwarsa kawai ake hangowa ta baya, dishi-dishi. Ni na hango. Kan kurciyar yana kallon ƙasa, wutsiya tana wajen wuya. Ƙyalle yana hannunsa na hagu, dutse yana na dama.

Na ce, “Malam, dakata, toka ta zuba a kan rigar.”

Babu wata toka. Na durƙusa, na hura, na kakkaɓe, na juya takardar na mayar inda take. Takarda tana da ƙara in an juya ta, ya kuma ji. Ya daɗe riƙe da dutsen a sama. Sai ya ajiye shi a kan murhu, ya ce rana ta yi, a bari sai gobe. Wannan rigar ma ya ɗauke takardar daga kanta.

Washegari da hantsi ya kira ni. Ya ce, “Ke, ƙuguna ya riƙe, sunkuyon nan yana ba ni wahala. Ki riƙa shimfiɗawa kina ɗora takarda, ni in danne.”

Na ce, “To, Malam. Allah Ya sawwaƙe ƙugun.”

“Kin ga yadda nake yi?”

“Shekara nawa ina gani.”

“Kari da kari. Yatsu huɗu daga bakin wuya. Kada ki ƙara, kada ki rage.”

Ban ƙara ba, ban rage ba. Wallahi ban taɓa kiyaye wata magana kamar yadda na kiyaye wannan ba. Kowace riga sai na kwantar da yatsuna huɗu, na matse su, na duba sau biyu, na kifa takarda, na rufe da ƙyalle, sannan in ce, “Bismilla.” Shi kuma ya lalubo gefen ƙyallen ya ɗora dutse. In ya ɗaga, ni ke ɓarewa, in ninke, in sa a kwando.

Kwana uku muka yi a haka, kuma zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a duk zamanmu babu kwanakin da suka fi mini waɗannan daɗi. Tun da aka kawo ni gidan, aikinsa a zaure, nawa a madafa. Yanzu ga mu gwiwa da gwiwa a gindin bango, ina yi masa fifita a garwashi, ina jin salatinsa a kusa da kunnena. Yana tambayata, “Ta fito?” In ce, “Ta fito har da ƙwayar ido.” Ya ce, “Ashe an yi asarar mai guga a madafa.” Na ɗauka mun sami hanya. Na ce a raina, haka za mu yi ta yi har tsufa, idona da hannunsa, babu mai ji, babu mai gani.

Ranar karɓar kaya ta faɗo ranar kasuwa. Tun da safe ya ɗaura igiya. Ya haɗa na adaka da na kwando wuri guda, yana ɗauka yana zurawa yadda suka zo hannunsa. Ni ba na fita, sai na tsaya a bayan ƙyauren zaure, inda katako ya tsage, ina leƙe. Ina so in ga aikina a igiya sau ɗaya.

Ya ja igiyar ta miƙe. Na duba.

Kowace riga ita kaɗai ba ta da aibu. Amma da suka jeru, babu layi. Wannan kurciya tana sama kusa da wuya, ta kusa da ita ta sauko, biyu sun hau, ɗaya ta sauko, haka har ƙarshen igiya. Na ɗaga hannuna na dube shi a cikin duhun zauren. Yatsuna sirara ne, irin na gidanmu. Huɗuna ba su fi ukunsa ba. Shekara da shekaru ina jin yatsu huɗu, yatsu huɗu, ban taɓa kawo wa raina cewa yatsun wani ake nufi ba. Shi ma bai kawo ba, don bai taɓa auna komai da hannun da ba nasa ba.

Shi kuwa ya koma gefe ya tsaya, hannuwa a baya, yadda ya saba. Mutanen ƙauye masu shigowa kasuwa suna tsayawa, suna kallo, suna duban juna. Na so in kira shi, na fasa. Mace ta ƙwala wa mijinta kira a gaban maza, ta ce masa me?

Sai ga taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mai gyaran keke a bakin tasha. Tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa. Ya jingine kekensa a dalbejiya.

“Kai bawana, yau kuma kiwon kurciya ka koma?”

“Matsa can, kada ka shafa musu baƙin mai. Tsaya daga nesa ka ga aikin ubangidanka.”

“Ai ina gani. Waɗannan sun ƙoshi sun tashi, waɗancan suna ƙasa suna tsince. Tsaba ka zuba musu?”

Mutane suka yi dariya. Maigidana ma ya yi, don ya ɗauka tsiyar da aka saba ce.

“Idonka ne ya karkace, kamar ƙafafun kekunan da kake ɓata wa mutane.”

“To zo da naka mai kyau. Wannan da wannan, ɗaya suke?”

Ya nuna riguna biyu da yatsa, can wajen ƙarshen igiya. Maigidana ya juya, amma ba inda yatsan ya nuna ya duba ba. Inda muryar ta fito ya duba. Sai ya taka ya isa igiyar, ya miƙa hannu ya lalubi riga ta farko, ya sami wuyanta, ya kwantar da yatsunsa huɗu, ya shafa da babban yatsa har ya ji inda santsin hoton ya fara. Daidai. Ya matsa ta biyu. Yatsunsa suka hau kan fukafukin. Ya tsaya. Ya matsa ta uku.

Da ya tsaya a ta biyu ya ce kuskure ne, da an yi dariya an watse. Amma shi ba ya iya barin aiki bai san iyakar ɓarnarsa ba. Ya bi igiyar nan tun daga dalbejiya har rumfa, riga ashirin da huɗu, yana lalube, fuskarsa tana sama, a gaban duk wanda ya zo cin kasuwa. Babu wanda ya ƙara yin dariya. Wani tsoho mai jaki ya ce, “Allah Sarki,” a hankali, ya ja jakinsa ya wuce.

Taubashin ya matso. Ban taɓa jin ya kira shi da wannan suna ba sai ranar. Ya ce, “Yaya, wasa nake yi.”

“Na sani. Gaskiya ka faɗa. Goma ne daidai.”

“Ban san...”

“Kwance mini igiyar ta wajenka.”

Suna cikin zarewa aminiyata ta iso. Tun daga bakin hanya an riga an gaya mata, don labari ya riga ta zuwa. Ta tattara rigunanta ta shigo, ta same ni a durƙushe a bayan ƙyaure. Ta ja ni tsakar gida, ta kama hannuna ta juya shi, ta duba.

“Ke kika ɗora sauran?”

Na gyaɗa kai.

“Tun yaushe idon?”

“Damina biyu ke nan.”

“Damina biyu. Ina shiga gidan nan ina fita, asibiti yana nan a bayanku, ku biyu kuna zaune a kan wannan?”

“Yaya, bai faɗa ba.”

“Ke kuma bakinki ɗinke shi aka yi?”

Na fashe da kuka, na ce ta yafe mini rigunanta. Ta ce, “Rabu da riguna. Goma su tsaya a baya, sha huɗu a gaba, wa zai gane? Ni ba riguna ne suka dame ni ba.” Ta leƙa zaure ta ce, “Malam, jibi da safe ka shirya, ni zan kai ka wurin likita. Ba shawara nake ba ka ba.” Ya ce mata to.

Bayan azahar ya shigo ya zauna a gindin bangon da muka yi aiki. Na kawo abinci, bai taɓa ba. Ya ce, “Miƙo hannunki.” Na miƙa. Ya kwantar da yatsuna a kan nasa, ya shafa gefe da gefe, ya ji inda nawa suka ƙare da abin da ya rage na nasa. Ya daɗe a haka.

“Ba laifinki. Ni na ce huɗu.”

“Da na haɗa su da na adaka na gwada.”

“Da na ce miki ba ƙugu ba ne.”

Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna a kan maganar ke nan, har ya bar duniya.

Na ce masa akwai dabara. A yanko karan dawa daidai faɗin yatsunsa, in riƙa aunawa da shi, ba za a sake samun bambanci ba. Ya ce dabara ce mai kyau, da ta zo da wuri. Duk da haka na yanko karan, na kankare shi, na ajiye. Ba a yi aiki da shi ko sau ɗaya ba. Babu wanda ya zo ya ce ya fasa kawo kaya. Mutanen garinmu ba sa yin haka. Malamin makaranta ya zo gaisuwa, ya ce wankin makon nan matarsa ta riga ta yi. Ma'aikacin asibiti ya aiko da goro. Masu riguna suka riƙa bi ta ɗaya layin don kada su wuce ƙofarmu da ƙunshi a hannu. Kowa da ladabi, kowa da addu'a, zaure kuwa babu ko hula.

Likitan garinmu ya duba shi ya tura shi Kano. Taubashin ne ya raka shi a mota. A can aka ce ba yana ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce ruwa ya danne har ta mutu. Aka ba shi magani na ɗigawa don ɗan abin da ya rage. Aka kuma ce da ya zo tun farkon abin, da an tsare masa da yawa. Wannan maganar bai gaya mini ba. Daga bakin matar taubashin na ji ta, a wurin wani suna, tana faɗa wa wata ba ta san ina bayanta ba.

Kafin damina ta zagayo, ɗan hasken ma ya tafi. Dutsen guga ya ba wani maƙwabci da ke son koyo, ya ce kada ya yi tsatsa a banza. Gonar auduga 'ya'yanmu maza suka karɓa. Ni na kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da su muka ci, da su muka aurar da 'yan mata.

Su aminiyata sun je taronsu, an ce sun yi waƙa har mutane sun tashi tsaye, kuma babu wanda ya ce komai a kan kurciyoyi. Ta ci gaba da zuwa gidanmu kowane mako, ita ke ɗiga masa magani tana yi masa faɗa. Da ta bar aiki ta koma ƙauyensu wajen Kafur, can ta rasu. Na je gaisuwa, na zauna a cikin matan majami'a, suka ba ni tabarma ni kaɗai don in yi salla.

Taubashin kuwa, daga ranar nan bai ƙara ce masa bawa ba. Kullum zai rufe rumfar kekensa ya zo ya ja shi masallaci, ya dawo da shi, Yaya kaza, Yaya kaza, kamar wanda ke gaban alƙali. Maigidana ya yi ta tsokanarsa ko zai rama, ya ƙi. Wata rana ya ce mini, “Ido na rasa, shi kuma ya hana ni abokin faɗa.” Shekara tara yana jan sa. Taubashin ne ya riga shi rasuwa, ciwon ciki na kwana uku.

Maigidana ya ƙara shekara biyu a bayansa. Yawancinsu a zaure ya yi su, a zaune a inda katakon guga yake a da, yana jan carbi. In mutum ya zo gaishe shi, sai ya kama hannun rigarsa ya murza, ya ce, “Wa ya yi maka wannan gugar? Bai bar dutse ya yi zafi ba.” Ya rasu da rani, ranar wata Alhamis, bayan ya sha kunu ya ce ya yi daɗi.

Ni kuma ga ni, na ga jikoki, na ga 'ya'yansu. An ce yanzu inji ke wannan aiki, yana da ma'auninsa, ba ya kuskure. Mutane suna ce mini ƙaddara ce, na kuma yarda, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Amma damina biyu na zauna kusa da mutumin nan ina kallon hannunsa yana sauka a gefen kwano, ina cewa rufa masa asiri nake yi. Asirin bai rufu ba, idon ma bai tsira ba. Nan labarina ya tsaya, ku tashi ku kama harkokinku. Wanda ya ji, ya sa shi a addu'a.